Bututu Goma Sha Uku

Kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo ba. Marka ce irin wadda ba ta zuba sosai, ba ta kuma ɗaukewa, sai yayyafi kamar ana tankaɗe gari. Jiya da na taso daga aiki, a-daidaita-sahun da na hau ya tsaya a Gyaɗi-Gyaɗi zai sauke wata mata, daidai inda wani lambatu ya toshe ya amayo abin da ke cikinsa a kan titi. Warin ya shigo mana. Sauran fasinjoji suka toshe hanci suna tsaki. Ni kuwa ba warin jiya kaɗai na ji ba. Na san warin nan. Na daminar shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki ne, bai canza ba, ko da yake mai yiwuwa hancina ne ke ƙara masa.

A lokacin muna zaune a wani lungu can cikin Gyaɗi-Gyaɗi, ni da Inna, mahaifiyata. Mahaifina ya rasu, ƙannena mata suna gidajen mazajensu. Na gama karatun safiyo, wato awon ƙasa, na yi bautar ƙasa, na dawo gida da takarduna a leda ina jiran aiki. Mutanen unguwa Injiniya suke kirana. Har yau ban tantance ko girmamawa ce ko ba'a ba, ina jin ya danganta da mai faɗa. Inna kuwa Abba take ce mini, don sunan mahaifinta na ci.

Gidanmu shi ne a kwarin lungun. Duk ruwan da ya sauko daga indararon gidajen sama, ƙofarmu yake nufa ya kwanta. Da can yana da mafita ta yamma, sai wani ya sayi filin ya ja katanga. Ɗakin Inna na ƙasa ne, mahaifina ya gina shi da hannunsa shekarar da suka tare, bayansa kuma shi ne bangon da ya ba lungu baya. Tun ruwan farko gindin bangon ya jiƙe ya yi baƙi. In ka sa yatsa sai ya nutse. Na roƙe ta ta dawo ɗakina na bulo, ni in koma zaure. Ta ce a ɗakin nan ta haife mu duka, ba ruwan kwata ne zai tashe ta ba. Saboda haka abu ɗaya ne a gabana a daminar nan: ko a sama wa ruwan hanya kafin marka, ko ɗakin Inna ya faɗi.

Daminar ta zo da wuri, ta kuma zo da ƙarfi. Kafin ruwa zafi ne mai danƙo, ka yi wanka ka fito kana gumi. Bayan ruwa sai lungu ya zama dagwalo. Ruwan sama ya haɗu da na kwatamin gidaje, ya haɗu da abin da salgar maƙwabta ta tumbatso, ya kwanta kore shar da kumfa a samansa. In rana ta buge shi kwana biyu, sai ka ga tsutsotsi masu jela suna iyo. Bulo muka jera muna takawa, kowa ya tattare wando. In ƙafarka ta kuskure guda, to sai sabon wanka da sabuwar alwala. Sauro tun la'asar yake fara sallama.

Lokacin ne kuma tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba. Kananzir sai an bi layi, itace a jiƙe. Da sassafe Inna za ta durƙusa a gaban murhu tana hura wuta, hayaƙi na sa ta hawaye, ta dama mana koko ba sukari. Da rana kwaɗon rama ko na tafasa. Da yamma tuwon masara da miyar kuka, in an samu. Abin da ya fi yunwar ciwo shi ne ka kai loma baki, iska ta juyo maka da warin lungu. Sau da yawa nakan ajiye kwanon. Inna takan ce, "Ci abinka, Abba. Hanci ba ya riƙe ciki." Duk bayan ruwa ita za ta ɗauki tsohuwar tasa tana kwalfe tsakar gida, ni kuma in yi ta jido ƙasa a buhu ina zubawa a gindin bango. Ruwa na gaba ya zo ya tafi da ita.

Arewa maso gabas da ƙofarmu akwai tudun juji. Bayan jujin akwai kududdufi, inda aka haƙi ƙasar ginin unguwar tun fil azal, ya koma matattarar duk abin da mutane ba sa son gani. Can gaba da kududdufin kuma babban lambatu ne na siminti, mai zurfi, wanda ya gangara wajen Tarauni, da wata darbejiya a bakinsa. Kowa ya san in ruwan lungu ya isa wannan lambatu, magana ta ƙare. Ba za a bi ta lungu ba, don lungun hawa yake yi, ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Sai dai a ratsa jujin da kududdufin a miƙe.

Shekarar ce ta murna da dimokuraɗiyya. Hotunan 'yan takara na nan a bangon mutane, ruwa ya wanke musu fuska, suna ɓarewa. Kowa na cewa yanzu muna da namu a sama. Namun shi ne Sabo. Ɗan unguwarmu ne, a da acaɓa yake yi, lokacin kamfen shi ke yawo da bokitin ƙullu yana liƙa hotunan ɗan takarar kansila. Da mutumin nasa ya ci, sai Sabo ya jingine babur, ya ɗinka shadda, ya riƙa yawo da fayil a hammata. Matasa suka sa masa Honarabul, ya amsa.

Wata Litinin mai unguwa ya aiko a kira ni.

"Injiniya, yau ranarka ce," in ji shi. "Kansila zai ba mu bututun roba manya, masu tsawon mita shida-shida. Amma sau ɗaya zai bayar, kuma ranar Juma'a Sabo zai kai masa adadi. Daga ƙofarku zuwa babban lambatu, ta cikin kududdufin nan, guda nawa za su kai?"

"Allah ya taimake ka, sai an auna."

"To ka auna mana. Ba abin da aka tura ka ka karanto ke nan ba?"

Ba mai iya jan igiya ta tsakiyar kududdufin. An ce tsakiyarsa tana shanye mutum, ni dai ban gwada ba. Amma abin da aka koya mana mai sauƙi ne. In ba za ka iya bi ta tsakiya ba, ka zagaya ta gefe biyu. Ka miƙe gabas sak, sannan ka karya arewa sak. Gabas da arewa kullum kusurwarsu irin ta bulo ce, digiri casa'in. Tafiyar nan biyu da layin da kake nema sun zama alwatika ke nan, layin naka shi ne dogon gefenta. Ka buga tsawon gabas sau kansa, ka buga na arewa sau kansa, ka haɗa su, sannan ka nemi lambar da in an buga ta sau kanta za ta ba da wannan jimla. Ita ce tsawon da kake nema, ba ka jiƙa ko ƙafa ba.

Matsalar ita ce ba ni da kayan aiki. A makaranta mun bar su. Na yi ta tunani har na tuna da dardumar da mahaifina ya zo da ita daga aikin Hajji, irin mai ɗan kamfas a manne a gabanta don gane alƙibla. Tun rasuwarsa Inna ta ninke ta ta sa a adaka, ita kaɗai ke sallar Idi a kanta.

"Inna, aron dardumar Baba nake so."

"Sallah za ka yi da ita?"

"Awo zan yi."

Ta dube ni, ta dubi ƙofa. "A cikin wannan ƙazantar?"

"Ba za ta taɓa ƙasa ba."

Ta daɗe kafin ta buɗe adakar. Da za ta miƙo mini sai ta ce, "Ko ɗigo ɗaya, Abba."

Na ninke ta yadda kamfas ɗin zai zo sama, na ɗora a faranti. Allurar ta yi ta rawa ta ƙi tsayawa. Sai da na ɓata rabin sa'a kafin na tuna farantin ƙarfe ne, ni da na ci jarrabawa a kan wannan. Na sake ɗora ta a faifai, allurar ta nutsu.

Malam Iliya tela, mai shago a bakin lungu, shi ya ara mini tef, shi ya kuma yarda ya riƙe mini igiya. Dattijo ne, sa'an mahaifina, bakinsa ba ya hutawa. Ya leƙa faifan ya ce, "Injiniya, wannan allurar taka ko kafa ba ta da ita. Me za ta ɗinka?"

Igiyar guganmu muka kwance, muka auna mita goma da tef ɗinsa, muka ƙulla ƙulli a kowane baki. Na kafa turke a ƙofarmu, na riƙe faifai a ƙirji, na gano gabas, na tura shi gaba da igiya.

"Dama kaɗan, Malam. Ya yi yawa. Hagu kaɗan. Tsaya nan."

"Na tsaya. A cikin me na tsaya, kada ka tambaye ni."

Haka muka yi ta tafiya gabas, igiya bayan igiya, har muka fita bakin lungu, har darbejiyar bakin lambatu ta tsaya mini daidai arewa. Igiya shida da mita uku, sittin da uku ke nan. Daga nan muka karya arewa ta wata 'yar hanya da ta bi gefen juji. Hanyar nan ita ce makewayin duk wanda ba shi da makewayi. Ƙudaje kore-kore suka tashi suka rufe mu. Igiyar na ja a ƙasa tana kwasar abin da ta tarar, mu kuma muna kama ta da hannu. Ni na ɗaga faifai sama kamar mai tallar nono. Igiya huɗu da mita ɗaya, arba'in da ɗaya.

Na ce mu sake. Muka sake. Na ce mu ƙara sau ɗaya.

"Injiniya, ni in na auna mutum sau uku, zagina zai yi," in ji Malam Iliya. Amma ya riƙe.

Bambancin awon ukun bai kai mita ɗaya ba. Igiyar kuwa a jujin muka bar ta, ba ta komawa rijiya. Kwana biyu Inna na aron guga a maƙwabta.

A bayan wata tsohuwar ambulan na yi lissafin. Sittin da uku sau sittin da uku, 3969. Arba'in da ɗaya sau arba'in da ɗaya, 1681. Jimla 5650. Saba'in da biyar sau saba'in da biyar 5625 ne. Tsawon ke nan mita saba'in da biyar da ɗan ɗoriya. Bututu goma sha biyu za su ba da saba'in da biyu, ba su kai ba. Goma sha uku ne.

Sai shakka ta fara cina. Igiya in ta jiƙe tana miƙewa. Kamfas ɗin darduma ba don safiyo aka yi shi ba. Rufin kwano da turakun lantarki na iya jan allura. Na zauna na ƙiyasta duka, na ga ko sun haɗu sun yi mini taron dangi, kuskuren ba zai wuce mita ɗaya ko biyu ba, kuma bututu na goma sha uku ya shanye wannan. Ina so in faɗi wannan a fili, don na daɗe ina kewaye shi: na san amsar.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka zauna a rumfar masallaci. Magidanta sun kai ashirin. Sabo na gefen mai unguwa da fayil ɗinsa.

"Injiniya, nawa?"

Na miƙe da ambulan a hannu. "Allah ya taimake ka, bisa ga abin da na samu, kuma a yi la'akari da cewa kayan da na yi amfani da su ba na ƙa'ida ba ne, domin ita igiya in ta sha ruwa takan ƙara tsawo, shi kuma kamfas ɗin..."

"Lamba muke jira, ɗana."

"Kamar goma sha uku. Amma akwai abubuwan da ya kamata a sani, misali rufin kwano yana iya..."

Sabo ya tuntsire da dariya. "Sha uku? Titin jirgin ƙasa za mu shimfiɗa? Ku taso ku gani da idonku, dattawa."

Aka ɗunguma aka hau tudun juji, ana toshe hanci da bakin riga. Daga can sama, gaskiya, darbejiyar kusa take. Shimfiɗaɗɗen ruwa haka yake yi wa ido, yana gajarta nisa, wannan ma an koya mana. Sabo ya miƙa wa wani fayil ɗinsa, ya naɗe hannun shadda, ya ɗauki dutse ya wurga. Dutsen ya faɗa bayan tsakiyar ruwan, wani baƙin abu ya taso ya kife.

"Kun gani? Jifa ɗaya da 'yan kai. Goma ma sai sun yi saura. Kuma ku sani, in muka kai wa mai girma kansila lamba mai nauyi, haɗama zai ce mun yi, ya ba wani lungun."

Mai unguwa ya juyo gare ni. Mutumin kirki ne, ba na ɗora masa laifi, ko in ce ba duka ba.

"Injiniya, ka tabbata da sha ukun nan?"

Ambulan na hannuna. Lambobin na nan a rubuce. Na ji bakina ya ce, "Tabbas sai Allah, ranka ya daɗe."

Dattawa suka gyaɗa kai. "Haka ne. Gaskiya ne."

"Kai fa, Sabo?"

"Goma ne. In ba su kai ba a aske mini gemu."

Sabo ko gashi ɗaya ba shi da shi a haɓa. Aka yi dariya, aka shafa fatiha a kan goma. Muna saukowa Malam Iliya ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Injiniya, ka kashe mu. Ni da na ja igiya a cikin kashi sau uku."

Bututu goma suka iso a bayan akori-kura, yara na bin ta da ihu. Aka sa gayya Asabar da Lahadi. Duk namijin da ke lungun ya fito, har masu furfura. Da farko aka yanka tudun juji da diga da shebur. Ban san abin da unguwa ke ɓoyewa ba sai ranar. Leda, tsumma, gashin kitso, mushen kaji, ƙashin da ba a san na mene ne ba, duk sun dahu a ciki sun zama baƙin ƙullu mai ɗumi, yana hayaƙi in an buɗe shi. Mutum biyu suka yi amai suka koma gida. Daga nan aka shiga ruwa. Ana jido buraguzai da buhunan ƙasa ana jerawa, ana ɗora bututu a kai, ana cusa bakin wannan a na wancan. Ruwan ya kai cinya, sannan ƙugu. Wani abu mai laushi yakan shafi ƙafarka ya wuce, ba ka tambaya. Mata suka aiko da kunu a bokiti, aka rasa mai hannun da zai riƙe kofi. Saitin layin ni aka bar wa, na kuwa miƙe shi kamar zaren tela, ya nufi darbejiya sak. Sabo yana tudu da takalminsa sau-ciki, yana nuni da fayil.

Ranar Lahadi kafin azahar aka cusa na goma. Aka waiwaya, ba sauran bututu. A gabanmu ruwa ne kwance, darbejiya na can tana kallonmu.

Malam Iliya, da ruwa iya cibiya, ya ce, "Saura nawa, Injiniya?"

"Mita goma sha biyar."

"Au, ashe ka iya magana."

Sabo ya ce sauran na tafe mako mai zuwa, kuma ai shi kududdufi dama wurin ruwa ne, a bar ruwan lungu ya zuba a ciki kafin nan. Mako ya zo ya wuce. Wani ma ya wuce. A lungun da ake cin abinci sau ɗaya da rabi, ba mai ƙarfin sayen bututu uku. Gemun Sabo kuma ba wanda ya sake tayar da maganarsa.

An yi ruwa biyu marasa ƙarfi, bututun ya kwashe su tas. Ƙofarmu ta bushe a karon farko tun shigowar damina. Mutane suka yi ta sa wa Honarabul albarka. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Tudun jujin nan, duk ƙazantarsa, shi ne ya tare kududdufin daga lungu, mu kuma mun huda shi. In kududdufin ya cika ya ɗara ƙofarmu tudu, bututun ba ya tambayar ta ina ruwa ya shigo. Na je na gaya wa mai unguwa cewa mai yiwuwa, idan aka yi ruwa mai yawa, akwai alamar abin zai iya juyowa.

"Injiniya, kai kullum da mai yiwuwa," in ji shi, yana murmushi.

Na yi tunanin toshe bakin bututun da buhu. Na kuma yi tunanin abin da za a ce in aka gan ni ina toshe aikin kansila, ni da aka ƙi lambata. Ban toshe ba.

Sai marka ta sauka. Kwana shida ana yayyafi, tufafi sun ƙi bushewa, gishiri ya narke a kwano, tabarma ta yi fumfuna. A rana ta bakwai, bayan azahar, gabas ta yi baƙi ƙirin, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina zaure ina kallon bakin bututun. Da farko yana sha. Can sai ya tsaya. Sai na ji ya yi wani sauti kamar gyatsar ƙato, ya turo baƙin ruwa.

Ba zan iya kwatanta shi yadda ya kamata ba. Duk abin da muka taka ranar gayya, ga shi ya biyo mu gida ta hanyar da muka shimfiɗa masa da hannunmu, a miƙe, ba ko lanƙwasa, bisa saitina. Ya cika lungu, ya haye dokin ƙofa, ya shiga tsakar gida da ledojinsa da tsutsotsinsa da gashinsa. Ya zagaya rijiya ya leƙa ciki. Inna tana madafi tana ƙoƙarin ɗaga buhun masara. Na jawo ta zuwa ɗakina, na zaunar da ita a kan gado, na fita da gudu. Ni da Malam Iliya muka durƙusa a bakin bututun muna cusa buhuna, hannu har kafaɗa a ciki, ruwan na fantsar mana a baki. Muna cikin haka na ji ya ce, "Innalillahi."

Bangon bai yi ƙara ba. Durƙusawa ya yi kamar raƙumi, rufin ya bi shi a hankali. Inda ɗakin Inna yake sai ga sarari, ana hango tsakar gidanmu daga lungu.

Washegari maƙwabta suka taya mu tono. Aka fito da gadon ƙarfe a lanƙwashe, da kwanukan jerenta cike da laka, da adaka. Ruwan ya shiga adakar. Dardumar Baba ta yi baƙi, ɗan kamfas ɗin ya cika da ruwan kwata, allurar ta maƙale wuri ɗaya. Inna ta wanke ta sau bakwai da sabulu, ta shanya, ta sake wankewa. Ba ta ƙara sallah a kanta ba. Sabo ya zo jaje da fayil ɗinsa, ya ce ikon Allah ne, za a rubuta rahoto. Na ce masa na gode. Har yau in na tuna na ce na gode, sai in ji ina son kurkure baki.

Bayan kwana uku ina shiga ɗakina, wanda ya zama nata, na same ta a kan tabarma da dardumar a cinya.

"Abba, Malam Iliya ya ce ka san lambar."

"Na sani, Inna."

"Nawa ce?"

"Sha uku."

"Haka ka faɗa musu?"

"Na faɗa, sai dai na yi musu bayanin cewa..."

"Yadda ka faɗa mini yanzun nan. Haka ka faɗa musu?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To." Ba ta ƙara komai a kai ba, ba ranar ba, ba bayanta ba. Ta miƙo mini dardumar. "Riƙe ta a wurinka."

Ba a sake gina ɗakin ba. Katanga kawai muka ja da na sami aiki. A ɗakin bulo Inna ta ƙarasa shekarunta, kullum tana cewa yana da zafi da rani, yana da sanyi da damina.

Yanzu an cike kududdufin, shaguna ne a kansa, da wurin cajin waya da mai sayar da katifa. Darbejiyar ma an sare ta. Ina jin bututun goman suna nan a ƙarƙashi, ban dai tabbatar ba. Kowane yaro a a-daidaita-sahun jiya yana da kamfas da taswira a wayarsa, ba sai ya roƙi uwarsa darduma ba. Lambatun dai yana nan yana amai kamar da.

Da na iso gida jiya, a Darmanawa inda nake zaune yanzu, ko riga ban cire ba na zauna na buɗe taswira a wayata. Na nemo inda ƙofarmu take, na nemo bakin babban lambatu, na ja layi a tsakaninsu. Na goge na sake ja. Na ƙara sau ɗaya. Maiɗakina ta kawo mini ruwa ta leƙa.

"Me ake aunawa kuma da yamman nan, Malam?"

"Wani tsohon wuri ne."

"Nawa ka samu?"

"Saba'in da biyar."

"Ka tabbata?" Tsokana take yi, ta san halina.

Na ce mata na tabbata. Tabbacin ya fito sumul, ba ko gargada, shekara ashirin da wani abu bayan ranar da yake da amfani.